Me ya sa magana take nutsewa in an haska shirinmu a talabijin?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni edita ne a nan Samaru, mun haɗa wani shiri mai dogon zango da sautin 5.1, wato mai layi shida na sifiku shida, a situdiyo komai ras, amma da aka haska shi sai mutane suka yi ta ƙorafi wai ba sa jin maganar 'yan wasa sai sun ƙure murya, in kiɗa ko talla ya shigo kuma a yi ta neman rimot. Alhali mitata ba ta taɓa shiga ja ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Toh matsalar daga wannan mitar ta faro. Ita mitar da ke shiga ja ƙololuwar sauti kawai take nuna maka, ba ruwanta da yadda kunne ke ji. Ƙarar bindiga sai ta taɓa ja cikin ƙiftawar ido ta wuce, amma tallar da aka matse da kwamfuresa, na'urar da ke danne ƙololuwar sauti don a samu damar ɗaga shi gaba ɗaya, ko ja ba za ta kai ba, kuma ita ce za ta cika ɗaki ta tashi jariri.

Shi ya sa hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fito da ma'aunin BS.1770 a 2006, wanda ke auna ƙarfin sauti kusa da yadda mutum ke jin sa, ana ƙirga shi da LUFS ko LKFS, duk abu ɗaya ne. Gidajen talabijin na Turai suna bin ƙa'idar EBU R128 ta 2010, wato shiri gaba ɗayansa ya tsaya a -23 LUFS, ƙololuwarsa kada ta haura -1 dBTP, ma'aunin ainihin ƙololuwar sauti. Amurka -24 suke bi, har doka suka yi a 2010 saboda tallace-tallace masu kurma kunne. Kafin ka miƙa aiki ka tambayi tashar wanne suke so, kar ka yi kirdado. Mitar LUFS tana ba ka lamba uku, ta nan take mai duba ƙasa da rabin sakan, ta sakan 3, sai ta jimillar shirin, ita ce tasha ke dubawa. A 5.1 tana haɗa hagu, dama, tsakiya da sifikun baya guda biyu waɗanda ake ƙara wa nauyin desibel 1.5, layin wufa kuwa, wato sifikar gurnanin bas, ba a ƙirga shi ko kaɗan.

Amma ga inda nake so ka tsaya da kyau, don nan ne da yawanmu muke faɗuwa. Shiri zai iya buga -23 cif-cif kuma a kasa jin magana, saboda mita jimilla take yi, in kiɗa da ƙarar babura da ruwan sama suka cinye kason, ita dai lamba ta cika. Don haka ka ware layin tsakiya shi kaɗai, inda magana take zaune, ka auna shi daban. Ni a aikina ina son magana ta zauna daf da lambar shirin, in na ga ta gaza lambar shirin da kusan desibel 4 ko 5 sai in koma in sassauta kiɗan, ba in ɗaga komai gaba ɗaya ba. Netflix ma da magana suke awo, -27 LKFS. Kuma Hausa ba ta yafiya a nan, bambancin kafa da ƙafa ko bari da ɓari ɗan siriri ne, in gurmi ko fiyano ya hau kan muryar shi kenan an binne shi, sai ka ɗan rage wa kiɗan wajen kilohaz 2 zuwa 4 duk lokacin da ake magana.

Sai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka, mutum nawa ne a Tudun Wada ko Sabon Gari ke da sifika shida a falo? Yawanci talabijin ce mai 'yan sifiku biyu, ko waya, ga fanka ga janaretan maƙwabci. Dikoda ce ke narkar da layi shidan nan zuwa biyu, kuma galibi tana rage tsakiya da desibel 3 kafin ta raba shi hagu da dama, sannan ta zubo abin da ke baya a kai, kaga maganar da take sarauta ita kaɗai a situdiyo yanzu ta shiga cunkoso. In da Dolby Digital ake watsawa ka duba lambar dialnorm ma, wadda ke gaya wa dikoda ƙarfin maganar shirin, dole ta dace da ainihin ƙarfin maganar, in ka auna -24 ka sa 24, in ba haka ba dikoda za ta rage ko ta bar sautin ba daidai ba.

Abin da nake yi kafin in saki kowane aiki, ina fitar da shi sitiriyo da kuma mono, in kunna a tsohuwar talabijin murya ƙasa-ƙasa da fanka a kunne, in kira wanda bai taɓa karanta labarin ba ya zauna, domin kai ka haddace kalaman, kunnenka zai cike maka gurbi ko ba a ji ba. Duk inda ya ce "me ya ce?" sai in rubuta mintin in koma kai. In ba ka da mitar LUFS, manhajar ffmpeg kyauta ce kuma tana auna 5.1, ka auna kashi na farko da layin tsakiyarsa daban ka turo min lambobin biyu mu duba tare.