Hauka, Taɓin Hankali da Damuwa: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa: "Malam, ƙanena ya daɗe ba ya son magana da kowa, ya daina fita aiki, kuma sai ya kai asuba bai runtsa ba. A gida wasu suna cewa ya taɓu, wasu suna cewa damuwa ce kawai. Mene ne bambancin hauka da taɓin hankali da damuwa, kuma wace kalma ta dace da shi?"

Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Kalmomin nan uku ba nauyinsu ɗaya ba. Hauka ita ce mafi kaushi, domin idan Bahaushe ya ji an ce mahaukaci, abin da yake zuwa masa a rai shi ne mutumin da ya fita hayyacinsa gaba ɗaya, yana yawo cikin tsumma yana sambatu, kuma da yake kalmar ta daɗe da zama zagi, babu mai yarda a jingina ta gare shi ko ga ɗan'uwansa. Taɓin hankali sakayawa ce da aka yi don a rage wannan kaushin, an haɗa "taɓi" da "hankali", wadda Hausa ta aro daga Larabci. Sai dai ki lura da "ya taɓu" da ake faɗa a gidanku. Sigar aikatau ce irin ta "ya gyaru" da "ya karyu", wadda masana nahawu suke sanyawa a rukuni na 7 bisa tsarin rukunonin aikatau da masanin nahawun Hausa Parsons ya fitar, kuma aikinta shi ne ta nuna cewa abu ya riga ya auku ga mutum har ya kama shi sosai. Saboda haka wanda ya ce ƙanenki ya taɓu ya yanke masa hukunci ne, ko da yana ganin sassautawa ya yi. "Taɓaɓɓe" ta fi muni, domin ta mai da ciwon ya zama sunan mutumin.

Ita kuwa damuwa, matsalarta sauƙi ne ya yi mata yawa. Wanda ya ɓatar da makulli yana cikin damuwa, wanda ya kasa tashi daga shimfiɗa wata da watanni shi ma an ce damuwa ce, shi ya sa likitoci da 'yan jarida suke ƙara mata "ciwon" ko "tsananin" don a bambanta. Abin da likitoci suke dubawa shi ne ƙunci ko rashin sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa, wanda ya zarce mako 2 kusan kullum, tare da rikicewar barci da cin abinci da jin cewa ba shi da wani amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, wato kimanin mutum miliyan 970, kuma fargaba da ciwon damuwa su ne suka fi yawa. Akasarin waɗannan mutane ba su yi kama da mai tsumman nan ba ko kaɗan. Sanya wa ciwon ƙanenki suna aikin likita ne, kuma ina ba ki shawara ku kai shi. Kafin nan, ni na fi son a ce "ba shi da lafiya" ko "yana fama da damuwa", domin kalmar fama tana raba mutum da ciwonsa, tana nuna yana kokawa da shi.

Wani magidanci kuma ya tambaya: "Duk lokacin da na ce wa matata ta yi haƙuri, ai haƙuri maganin zaman duniya ne, sai ta ƙara yin shiru. Karin maganar ce ba ta dace ba?"

Malam, karin maganar lafiyarta lau, wurin da aka ajiye ta ne ya saɓa. "Yi haƙuri" tana ɗauke da ma'anoni da dama: akwai jimrewa, akwai ban-baki, akwai neman gafara, akwai kuma rufe magana, kamar yadda idan ka roƙi mutum abu ya ce ka yi haƙuri, ka san ya hana ka ke nan. Kai ban-baki kake nufi, amma mai ciwon damuwa sau da yawa ta ƙarshen take ji, wato an gaji da sauraron ta. A ganina wannan haƙurin naka ne kai mai zama da ita, tunda ciwon ba ya warkewa dare ɗaya.

Wadda ta fi dacewa da halinku ita ce "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ita ta san inda yake mata ciwo, naka shi ne ka tambaya. Ka zauna kusa da ita lokacin da babu kowa, ka ce, "Na ga kwana biyu ba kya cin abinci, me kike ji a ranki?" sannan ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo har ka ji ya dame ka. Ka guji "ai wasu sun fi ki shiga uku" da "rashin tawakkali ne", domin suna ɗora laifi a kan ciwo. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba sa hana juna. Kada kuma ka dogara ga "labarin zuciya a tambayi fuska" a nan, don akwai masu murmushi a gaban baƙi alhali ciki ya cika. Idan har ka ji ta ce "na gaji da rayuwa" ko "gara in mutu in huta", kada ka ɗauke shi salon magana. Ka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, domin masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta amsa da e, ka kawar da magunguna da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, kada a bar ta ita kaɗai, kuma a kai ta asibiti a ranar.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: wane ne majinyaci, mara lafiyar ko mai kula da shi? Ruɗanin daga kalmar jinya yake, domin ana cewa "yana jinya" ga wanda yake kwance, ana kuma cewa "tana jinyar mijinta" ga mai ɗawainiya. A rubutun jaridu na yau majinyaci ya fi komawa ga mara lafiya. Inda ake gudun kuskure, kamar lokacin da dangi suke raba kwanakin zama da shi don kada nauyin ya danne mutum ɗaya, gara a ce "mara lafiya" da "mai jinyarsa".