Ga ɗan uwan da ya gaji sikirif ɗin haɗa imej

Salam. Ɗan uwa da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce ka gaji sikirif (fayil ɗin umarnin da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya) na haɗa imej (kwafin Linux da aka shirya don zubawa a injina) daga wanda ya bar aiki, fayil guda ne ke fitar da na kilawud da na kwamfutar tebur, da yana tafiya lafiya yanzu kuma yana mutuwa a tsakiya, shin ka watsar ka rubuta sabo ko ka koma Packer, manhajar gina imej. Wallahi ina karantawa kamar ni na rubuta. Kar ka watsar tukuna.

Nawa gadon, mutumin ya samu aiki a Abuja ya tafi, ya bar min fayil ɗaya a filasha, ba git (manhajar ajiye tarihin canje-canjen fayil), ba ko layi ɗaya na bayani. Na gina imej da shi, na gwada a kwamfuta ɗaya, ta tashi tsaf. Muka ɗauka zuwa wata cibiyar koyar da kwamfuta a Kawo, muka zuba a duk injinan ɗakin. Ana kunna su sai wasa ya fara: wannan ta hau intanet, waccan ta faɗo, waccan ta dawo, ta kusa da ita ta yanke. Ɗalibai na zaune, janareta na shan dizal, mai cibiyar na tsaye a kaina da hannu a ƙugu. Na sake matse kan wayoyi, na canza suwic, har aka tura yaro Ahmadu Bello Way ya sayo wani. Shiru. Ogana kuwa, a gaban mutane, ya ce lokacin wancan yaron ba a taɓa samun haka ba. Maganar nan har yau tana ci min rai. Na kira wanda ya tafi Abujan bai ɗauka ba, na tura saƙo ya karanta ya yi gum. Sai bayan isha'i ya kira yana dariya, wai ai shi da hannu yake share machine-id (lambar shaidar kowane inji) kafin ya rufe imej, ya ɗauka kowa ya sani. Kowa ya sani! Ya bar rabin aikin a kansa ya tafi da shi, ni na sha kunyar, kuma ko haƙuri bai ba ni ba. Ogan ma da aka gano bai janye maganarsa ba.

Abin da ya faru, imej ɗin tebur a kan tushen Ubuntu Server ya ɗora shi, shi kuma systemd-networkd, mai haɗa inji da netwok, daga /etc/machine-id yake ciro shaidar da yake miƙa wa DHCP, mai raba wa injina adireshin IP. Duk injinan sun zo da shaida ɗaya, aka yi ta ba su adireshin IP ɗaya. Don haka ka duba ƙarshen sikirif ɗinka yau: fayil ɗin machine-id ya zama fanko, ba a goge shi gaba ɗaya ba, a cire makullan SSH (hanyar shiga inji daga nesa) na /etc/ssh, a yi cloud-init clean (cloud-init shi ke saita inji a tashin farko). In imej irin qcow2 kake fitarwa, virt-sysprep zai yi maka yawancin wannan. Kuma kwafi biyu za ka tayar a QEMU (manhajar kwaikwayon kwamfuta) lokaci guda a kan netwok ɗaya, ɗaya ba ya tona irin wannan asirin.

Mutuwar da yake yi a tsakiya kuma, ina kyautata zaton ba sikirif ɗin ne ya canza ba, ma'ajiyar fakej (inda ake sauke manhajoji) ce ta matsa ta bar shi. Ba ka faɗi wane Linux ba ne. In CentOS 7 ne, an daina kula da shi tun 30 ga Yunin 2024, mirrorlist, mai nuna inda za a sauke fakej, ya daina amsawa, kayan sun koma vault.centos.org, kuma gaskiya lokacin ƙaura ya yi. In Ubuntu 24.04 ne, jerin ma'ajiya ya koma /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, umarnin sed ɗinka mai gyara rubutu zai yi ta gyara tsohon sources.list ba tare da ya yi ƙorafi ba. Debian 12 kuma da ta fito a 2023 ta ware non-free-firmware (manhajojin da kayan inji irin su wayifai ke buƙata) daban, in ba ka ƙara shi ba imej zai ginu lafiya, sai an kai laftof a ga ba wayifai. Sa set -euo pipefail da set -x a sama ka ga layin da ya faɗi na gaskiya. Ka shirya, zai fasa maka wurare da yawa da suke faɗuwa a ɓoye tun tuni. Amma kafin ka taɓa ko waƙafi, jefa shi a git yadda yake da dattinsa. Layin da ka ga kamar shirme ne, wataƙila wata cuta yake tarewa, shi ya sa na ce kar ka rubuta sabo.

Packer ba laifi, ina amfani da shi, amma sikirif ɗin nan naka dai zai kira, ba zai wanke shi ba. Lasisinsa ma ya koma BSL (lasisi mai taƙaita wasu amfanin kasuwanci) tun Agustan 2023, in wurin aikinku na damuwa da wannan. Abin da ya fi taimaka min shi ne rabawa: tushe ɗaya, sannan na kilawud da cloud-init da growpart (mai faɗaɗa sashen diski) ba kalmar sirri a ciki, na tebur da NetworkManager da kayan firinta. Mai Debian ya ɗaure ginin da rana ɗaya a snapshot.debian.org, sai dai yana da nauyi, ka yi haƙuri da shi.

Af, data. Tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025 ban yarda gini ya sauke fakej ɗaya sau biyu ba. Tsohuwar kwamfuta na ajiye a lungu da apt-cacher-ng, mai ajiye kwafin fakej ɗin da aka riga aka sauke. In kuɗin aljihunka kake sa wa data don aikin ofis, ka daina, ba wanda zai gode maka. Wuta kuma ka san halinta a garin nan, za a ɗauke ana tsakiyar matse imej, ka sami rabin fayil mai kama da cikakke. Ka rubuta da sunan wucin gadi, sai an gama an fitar da sha256 (lambar tantance fayil) a canza suna. Sannan ka sa trap (umarnin da ke gudana ko da sikirif ya mutu) mai sauke /dev da /proc daga chroot (foldar da ake gina imej a ciki), don in gini ya mutu ka yi rm -rf a kan foldar da /dev a maƙale, na injinka za ka share.

Turo mana layuka na ƙarshe na log ɗin da sunan Linux ɗin, amma ka goge makullai da kalmar sirri tukuna, don irin mutanen nan a cikin sikirif suke ajiye su. Zan duba in na dawo daga Kakuri da yamma in sha Allah.