Kofin ƙahon karkanda: in saya ko in bari?

TAMBAYA: Malam, ina zuwa sarin kaya Guangzhou. A tafiyata ta ƙarshe wani mai shagon kayan tarihi ya nuna min ɗan kofi ruwan zuma, an sassaƙa furanni a jikinsa. Ya ce ƙahon karkanda ne mai shekara 300, wai yana tona asirin guba. Gaskiya ne? In saya?
Ɗan kasuwa, daga Kano

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka.

Kofunan akwai su, kuma gwanin ban sha'awa. Yawancinsu an sassaƙa su ne daga ƙarshen daular Ming ta ƙasar Sin, wadda ta faɗi a 1644, zuwa farkon daular Qing. Manyan malamai da ma'aikatan fada ke shan giya da su, suna kuma ba juna kyauta. Na taɓa tsayawa gaban wani a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, na kasa matsawa. Gindin ƙahon, wajen da ya fi faɗi, shi masassaƙi ya ƙwaƙule ya zama bakin kofi, tsinin ya koma ƙasa. Shi ya sa wasu ba sa tsayuwa sai an yi musu mazauni na katako. Da na matso da ido sai na ga layuka sirara, kamar gashi aka matse wuri guda. Ƙahon shanu rami gare shi a ciki, na karkanda kuwa cikakke ne.

Zancen guba tsohuwar camfi ce. Abin da ya yi farcenka da gashinka, shi ya yi ƙahon karkanda.

Shi kuma wanda aka nuna maka, na fi zaton jabu ne. A 2011 wani masani a shirin talabijin na Amurka ya yi wa guda biyar ƙiyasin dala miliyan 1 zuwa 1.5. Kaya mai wannan daraja ba a miƙa wa baƙo haka kawai a shago. Da ƙahon ɓauna ko roba ake yin na bogi. In kuwa ƙahon gaske ne aka sassaƙa kwanan nan aka shafa masa launin tsufa, abin ya fi muni: yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977, Sin ta haramta shi a cikin gida a 1993. Aka kama ka da shi a filin jirgi, ba wanda zai saurari cewa ba ka sani ba.

Abin da ya fi ci min rai, Alhaji, a da muna da namu karkandan a nan kusa. Baƙin karkanda na yamma ya rayu a dazukan Chadi da arewacin Kamaru, maƙwabtan Adamawa. Mafarauta suka bi shi saboda wannan ƙahon har ya ƙare. Masu bincike sun zaga arewacin Kamaru a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irinsa ya ɓace daga duniya. In ka koma Guangzhou, ka ce wa mai shagon ka fasa.