Amsa ga mai tambaya kan jerin yatsu a sikel: fiyano, bayolin da biyola

Sannu ɗan'uwa. Ka ce ka jima kana buga fiyano, yanzu ka fara bayolin, malaminka kuma yana so ka riƙa taɓa biyola, 'yar'uwar bayolin da ta ɗan fi shi girma, sai lambobin yatsun sikel, wato jerin sautukan do-re-mi da ake hawa da sauka, suka cakuɗe maka, har kana tambaya ko haddace su za ka yi ɗaya bayan ɗaya. Ni dai shawarata kar ka ɗora wa kanka wannan hadda. Sikel manya 12 ne, ga ƙanana, ga hannu biyu, ga kayan kiɗa uku. In ka bi ta hadda, ran da aka ce ka fara daga tsakiyar sikel sai ka tsaya cak.

Da farko ka raba lissafin biyu a kanka. A fiyano babban yatsa shi ne 1, ƙaramin yatsa 5. A bayolin da biyola babban yatsa ba ya cikin ƙidaya, yana can bayan wuyan kayan yana tallafe, manuniya ce 1, ƙaramin yatsa 4, sifili kuma tsirkiya ce a sake. Duk mai fiyanon da na zauna da shi yana koyon bayolin, in ya ga 3 a takarda sai ya danna na tsakiya, alhali na zobe ake nufi. Wannan kam lokaci ne maganinsa.

A fiyano abu ɗaya nake sa yara su nema, wato inda yatsa na 4 yake sauka. Sauti bakwai ne a sikel, hannu yana raba su uku da huɗu, 1-2-3 sannan 1-2-3-4, saboda haka na 4 sau ɗaya tak yake aiki a kowace oktab, wato daga do zuwa do na gaba. In ka san mazauninsa, sauran yatsun da kansu za su jeru. A hannun dama, C da G da D da A da E duk jerinsu ɗaya, na 4 yana kan sauti na bakwai, wato B a sikel ɗin C, F shaf (F da aka ɗaga rabin taki) a na G, haka har E. Daga F ka shiga masu fulat (sautin da aka sauke rabin taki) kuwa, na 4 ɗin dama ya tare a kan B fulat, ba ya tashi. Hannun hagu a C, G, D, A, E da F yana ajiye na 4 a sauti na biyu, a B fulat, E fulat, A fulat da D fulat kuma sai ya koma sauti na huɗu, ka fara da yatsa na 3. Babban yatsa ba ya hawa baƙin maɓalli a sikel. Kusan ke nan na faɗa maka komai.

In ka zo haɗa hannu biyu a C, ka sa ido kan E da A, don a nan yatsu na 3 na hannayen biyu suke sauka tare. In ba su haɗu a can ba, wani hannun ya kauce. Kuma C ba shi ne mai sauƙi ba, sauƙin karantawa kawai gare shi. Chopin, shahararren gwanin fiyano, da B yake fara wa ɗalibansa a hannun dama, domin dogayen yatsu suna kan baƙaƙen maɓallai, babban yatsa ya samu hanyar wucewa ta ƙarƙashi ba tare da an murɗa wuyan hannu ba. Gwada ka ji. Masu kibod ɗin da suka maƙale wa ki ɗaya, wato sikel guda, suna danna maɓallin tiransifos mai ɗaga sauti ko sauke shi kuwa, Allah ya ba su haƙuri ran da aka zaunar da su gaban fiyanon katako.

Bayolin wata duniya ce, don babu maɓalli, babu alama a wuya, kamar dai gogenmu, kunne ne alƙali. Abin da za ka nema a nan shi ne waɗanne yatsu biyu ne suke manne da juna a kowace tsirkiya. Inda tazarar sauti take rabin taki, tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do, yatsu suna taɓa juna. Sauran wuraren akwai gurbin da yatsa guda zai iya shiga. Ɗauki D daga tsirkiyar D a sake: 0-1-2-3, ka haura tsirkiyar A, 0-1-2-3, na 2 da na 3 a manne duka biyun. Siffar hannun nan ita ce ta G daga tsirkiyar G, ita ce ta A daga tsirkiyar A, tunda tazarar sauti biyar ce tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta. Inda ake tuntuɓe shi ne G mai oktab biyu. Da ka iso tsirkiyar A, C ɗin ba shaf ba ne, dole na 2 ya ja baya ya manne da na 1, haka ma G a tsirkiyar E. Sai ka ga yaro ya zo wurin ya buga C shaf hankalinsa kwance, ya ɗago yana kallonka yana jiran yabo.

Bayan wannan ka koyi sikel mai farawa da yatsa na 1 ba tare da tsirkiya a sake ba: 1-2-3-4, 1-2-3-4, na 3 da na 4 a manne. Wannan siffar ta fi kowace riba, don duk inda ka zame hannunka a wuyan ka ajiye na 1, ka samu sabon sikel da jeri iri ɗaya. Irin wannan dabarar ce a littafin sikel na 1926 na malamin bayolin Carl Flesch, inda masu oktab uku daga B fulat zuwa sama suke farawa da yatsa na 2. Amma kar ka yi gaggawar shiga Flesch yanzu, na manya ne. Sai matsaya ta farko da ta uku, wato wuraren da hannun hagu yake tsayawa a wuyan bayolin, sun zauna a hannunka tukuna.

Batun ko na 4 za a danna ko tsirkiya za a sake, malamai sun sha bamban, bi na malaminka. Abin da na fi damuwa da shi shi ne ka riƙa gwada na 4 da tsirkiyar da ke gaba, su fito sauti ɗaya. Haka na 3 a matsaya ta farko, in ya sauka daidai, tsirkiyar da ke ƙasa da shi tana amsawa da kanta. Danna D a tsirkiyar A ka kalli tsirkiyar D, za ka ga tana rawa ba ka taɓa ta ba. Amma fa sai ka saita kayanka kafin ka fara, musamman da hunturu, lokacin da katako yake bushewa, maɗaurin tsirkiya ya yi ta sulluɓewa. Sikel a kan tsirkiyar da ta sauka koyar da hannu ƙarya ne.

Biyola ba za ta ba ka wahalar jeri ba. Tsirkiyoyinta C, G, D, A, na bayolin G, D, A, E, saboda haka jerin G na bayolin shi ne na C a biyola, na D ya zama na G. Wahalarta biyu ce. Ta fi girma, tazarar yatsu ta fi faɗi, don haka ka daidaita hannunka daga wajen na 3 da na 4, na 1 ya miƙo baya, maimakon ka kafa na 1 ka yi ta jan ƙaramin yatsa har jijiya ta yi tsami. In ka ji zafi ka ajiye. Ta biyu ita ce kilef ɗin alto, alamar da ke faɗar sunan layuka a takardar kiɗan biyola, inda layin tsakiya shi ne C na tsakiya, yatsa na 3 a tsirkiyar G. Za ka ji wasu suna koya maka dabarar karanta shi kamar na bayolin kana ƙari da ragi a ka. Ban yarda da ita ba, tana watsewa da zarar shaf da fulat sun yi yawa. Karanta shi da sunansa.

Da yake kana da fiyano a hannu, ka zaɓi ki guda a mako, ka buga shi a fiyano, ka rera shi da baki, sannan ka ɗauki baka ka ja a hankali, sauti ɗaya jan baka ɗaya, kana faɗa wa kanka yatsun da za su manne kafin ka haura kowace tsirkiya. Fara da D, don ya zauna daɗi a duka ukun. Metronom, na'urar ƙirga bugun kiɗa, sai daga baya.