Hukuncin riƙe manyan karnukan gadi da sayar da 'ya'yansu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gona a wajen Bukuru, ɓarayi sun hana ni sakat, sai na sayi karnuka biyu irin Boerboel. Yanzu karyar ta haihu, mutane suna ta taya 'yan kwikwiyon da kuɗi mai tsoka. Ya halatta in riƙe su, in kuma sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Riƙe su domin gonarka halas ne. Hadisin Bukhari da Muslim da ya ce ladan mai riƙe kare yana raguwa kullum ya keɓe karen farauta, na dabbobi da na gona. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Amma su tsaya a waje, ba cikin ɗaki ba.

Sayarwa ce ke da saɓani. Hadisin Abu Mas'ud ya hana kuɗin kare, kuma mashhurin mazhabar Malikiyya hani ne, ko da karen na farauta ne. Amma Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, ya halatta sayar da wanda aka yarda a riƙe, haka ma Abu Hanifa. Ni na karkata ga halacci idan mai saye yana da buƙatar tsaro ta gaskiya. Wanda zai saya don ado ko burge abokai, kada ka sayar masa.

Abin da ya fi damuna, ɗan'uwa, shi ne halin wannan kare. Manoman Afirka ta Kudu ne suka yi kiwonsa don tsare gonaki, kuma babban namiji yakan haura kilo 60. Yana da shaƙuwa da mai gidansa, amma baƙo abin zargi ne a wurinsa. In ya taso a ɗaure ba horo, almajiri mai bara da ɓarawo duk ɗaya ne a idonsa. Idan ka san yana cizo, ka yi sakaci har ya ji wa wani, lamunin ɓarnar yana wuyanka.

Don haka ka tsare shinge, ka ƙosar da su, ka yi musu rigakafin haukan kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na kusa da kai. Kuma ka gaya wa mai saye gaskiyar halin iyayen kwikwiyon, domin ɓoye aibi algus ne.

Allah ne Mafi sani.