Amsa: Me ya sa Baba yake lalubar matakala da ƙafa?

'Yar'uwa, kin ce Baba ya haura shekara 65, yana hawa bene lafiya, amma wajen sauka sai ya sunkuyar da kai yana laluben kowane mataki. Kafin a ɗora wa gwiwa laifi, a duba ido.

Hasken da ke shiga idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ɗan shekara 20. Idon tsoho kuma yana daɗewa kafin ya saba da duhu in an shigo daga rana. Idan akwai yanar ido, gefen mataki da na ƙasa da shi sai su haɗe su zama abu guda, musamman a tayil mai sheƙi launi ɗaya. Shi ya sa yake kafe ido a matakan, ba ya iya ɗan waiwaye kamar yaro. Kada a ja shi da hira yana sauka. Galibin faɗuwa a matakan farko da na ƙarshe take aukuwa, mutum ya ɗauka ya iso ƙasa alhali saura ɗaya.

Sai tabarau, wanda mutane ba sa kawowa a rai. Tabarau mai gida biyu, sama na nesa ƙasa na karatu, ƙasansa an yi shi ne don abin da ke tazarar kamar santimita 40. Da ya dubi ƙafarsa ta nan, matakan sun dushe. A yi masa na nesa zalla don tafiya.

A ja layin fenti mai faɗin kamar santimita 5 a bakin kowane mataki, launin da ya saɓa da daɓen. Daidai baki fa. In aka ja shi ciki, yaudarar ido yake yi. A sa ƙwan lantarki mai haske da makunni sama da ƙasa, da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, da ƙarfen dafawa da ya kai har matakin ƙarshe. Ku auna tsayin matakan: bambancin santimita ɗaya ya isa tuntuɓe, birkila ya daidaita. Babbar riga tana rufe masa ƙafa, ya tattare ta.

A kai shi asibitin ido a duba yanar ido da hawan jinin ido, domin wannan na biyun yakan cinye gani ta gefe ba tare da ciwo ba.