Na'urar lantarki ta ciwon ƙugu: wayar ce ke maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Zariya, wuni nake a kan keken ɗinki, ƙuguna ya matsa mini. Na ga tallar wata 'yar na'ura a Facebook, ana manna ta a baya, a sarrafa ta da waya. Tana aiki kuwa? Kuma wutar ba za ta ja ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sunanta TENS. Ƙaramin batir ne ke tura wuta mai rauni ta 'yan mannau biyu da ake liƙawa a fata, sai ka ji kamar kiyashi na yawo a wurin. Dabarar ta samo asali ne daga bayanin masana kimiyya Ronald Melzack da Patrick Wall a 1965, cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon zafi hanya a cikin laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan ka buge gwiwa kake murza ta.

Wayar kuwa rimot ce kawai, ta Bluetooth take ƙara ƙarfi ko ragewa. Na'urar mai maɓalli a jikinta ma aikin ɗaya take yi, kuma yawanci ta fi araha. Manhajar da ta ce wayarka da kanta za ta fitar da wutar, goge ta, girgiza kawai take yi.

Wasu kan ji sauƙi muddin tana kunne, a kashe ciwon ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ba ta goyi bayan amfani da ita ba, motsa jiki ta fifita. Da ni ne, gyaran tsayin kujerar ɗinki da miƙewa duk rabin awa zan fara gwadawa.

In ka saya, ka manna a gefe da gefen ƙashin baya, ba a kansa ba, ka fara da mafi ƙarancin ƙarfi. Kada ka ɗora tana caji, balle a wutar janareta. Kada ka manna a wuya, ƙirji, kai ko fata mai rauni. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai farfaɗiya da mai juna biyu, kada su taɓa sai likita ya yarda. Idan ƙafa ta fara rasa ƙarfi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a ranar ka tafi asibiti.